Filin Masu Motoci: Yadda Ake Gane Bonet da Bamba na Asali

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Ikko zuwa Ikorodu, ya ratsa Ketu da Mile 12, ba zai rasa ganin manyan motoci maƙare da tsofaffin ƙarafa ba. Yawancinsu sun nufi ma'aikatun narka ƙarfe ne da ke Odogunyan da kuma Ogijo, a kan hanyar Shagamu, inda ake mayar da su rodin gini. Hausawan Sabo ta Ikorodu da na Agege suna da hannu babba a cikin wannan sana'a ta gwangwan, kuma tana ciyar da gidaje masu yawa. Amma a cikin wannan tarin ƙarfe da ake saye bisa sikeli akan sami abin da ya fi ƙarfin sikeli, wato bonet ko bamba na tsohuwar Peugeot 504 ko Volkswagen Beetle, irin waɗanda ba a ƙara ƙera su a ma'aikatunsu na asali. Idan wuta ta ci su, sun tafi ke nan.

A gefe guda kuma ga masu sha'awar farfaɗo da tsofaffin motoci, waɗansu don tunawa da iyayensu, waɗansu don ciniki. Mutum yakan kashe kuɗi mai yawa a kan inji da fenti, amma da masani ya dubi gaban motar sai ya girgiza kai, domin bonet na wata shekara ne, bamba kuma na wata ƙasa. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Abin da filin nan zai duba a wannan mako shi ne yadda ake rarrabe na asali da na aro, da kuma dalilin da ya sa asalin motar da aka harhaɗa a Kaduna ko a Ikko ba lalle ne ya zo daidai da abin da littattafan Turai suka zana ba.

Yadda motocin suka cika ƙasa

An fara nuna Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, a birnin Paris cikin 1968, kuma ta ci lambar motar shekara ta Turai a 1969. An kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a 1972, ma'aikatarsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975. A cikin wannan shekara ta 1975 ne kuma ma'aikatar Volkswagen da ke Ojo, a kan hanyar Badagry, ta fara fitar da Beetle, wadda Yarbawa suka raɗa wa suna Ijapa, wato kunkuru. Abin ya zo daidai da lokacin da ma'aikatan gwamnati suka karɓi kuɗin Udoji, saboda haka malamin makaranta da akawu suka shiga sahun masu mota. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ran 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, ta mayar da 504 motar manyan ma'aikata.

Faransa ta daina ƙera 504 mai ƙofa huɗu a 1983, amma Ajantina ta ci gaba har 1999, Kenya har 2004, Kaduna kuwa har 2006. Ita ma Beetle an daina ƙera mai rufin ƙarfe a Jamus cikin Janairu 1978, Birazil ta tsaya a 1986 sa'an nan ta sake yi daga 1993 zuwa 1996, ta ƙarshe duka ta fito daga Puebla a ƙasar Meziko ran 30 ga Yuli 2003, bayan an ƙera fiye da miliyan 21. Ke nan mota mai suna ɗaya ta yi shekaru da dama ana ƙera ta a ƙasashe dabam-dabam, kowace ma'aikata da irin sauyin da ta yi mata.

Daga 1986, da aka fara shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari talaka. Sai motocin tokumbo da kayan gyara na hannu suka yi ta kwararowa ta Apapa da Kwatano. Mai mota da ya yi karo ba ya tambayar shekarar bamba, abin da ya samu a Ladipo, ko Owode Onirin, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano shi zai ɗaura, muddin dai zai shiga. Ba laifinsa ba ne, neman abinci yake yi da motar. Sai dai sakamakon haka shi ne da wuya a yau a sami tsohuwar motar da ba a gauraya mata fuska ba.

A fara da lamba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara sayen kaya kafin a san ko wace mota ce a hannu. Takardun mota sukan ɓata ko a sake su, fenti yakan canja, amma lambar da aka buga a jikin ƙarfe tana nan. A Beetle, lambar shasi tana ƙarƙashin kujerar baya, an buga ta a kan tudun ƙarfen nan da ya ratsa tsakiyar mota, akwai kuma ɗan allo a gaba, bayan tayar safaya. Wajibi ne lambobin biyu su zo ɗaya. A motocin da aka ƙera a Jamus tun daga samfurin 1965, alƙaluma biyu na farko suna nuna irin motar, na uku kuma shekarar samfurin. Lambar da ta fara da 118, alal misali, Beetle ce samfurin 1968. A kula kuma da cewa shekarar samfuri a Volkswagen daga watan Agusta take farawa, saboda haka motar da aka ƙera cikin Satumba 1967 samfurin 1968 ce.

A Peugeot, allon kamfani yana cikin ɗakin inji. Tun daga wajejen 1981 kamfanonin duniya suka koma lamba mai gurbi 17, wadda gurabe uku na farkonta ke faɗin ƙasa da kamfani: VF3 Peugeot ce ta Faransa, WVW Volkswagen ta Jamus, 9BW ta Birazil, 3VW ta Meziko. Idan aka ga alamun an taɓa ciro allon an mayar, ko an kankare lambar an sake bugawa, to, maganar ta wuce batun ado, ta zama abin da mai saye zai yi hattara da shi ta fuskar doka.

Akwai kuma wata shaida ta tarihi wadda ta keɓanta da Nijeriya. Ran 2 ga Afrilu 1972 ne ƙasar nan ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama. Saboda haka motocin da aka shigo da su sababbi domin kasuwar Nijeriya kafin sauyin, irin su tsofaffin 404, galibi sitiyarinsu a dama yake, sai fa idan an juya shi daga baya. Waɗanda Kaduna da Ojo suka harhaɗa kuwa bayan sauyin aka yi su.

Fuskar Beetle

Injin Beetle a baya yake, don haka abin da ake kira bonet a gabanta murfin but ne, inda tankin mai da tayar safaya suke. Babban sauyi a tarihin fuskarta ya zo ne cikin Agusta 1967. Kafin wannan lokaci fitilun gaba a kishingiɗe suke a bayan gilashi, bonet dogo ne, bamba kuwa siriri ne mai lanƙwasa kamar takobi, da 'yan ƙahoni biyu a tsaye. Waɗanda aka yi domin Amurka tun tsakiyar shekarun 1950 an ƙara musu bututun ƙarfe a saman bamba, mai kama da marataya. A wancan zamani sai an buɗe bonet ake zuba mai.

Daga samfurin 1968 fitilu suka miƙe tsaye, aka gajarta bonet da murfin inji, bamba ya zama mai kauri da kusurwa, aka kuma ɗaga shi sama. Bakin tankin mai ya fito waje ta gefen dama. Dalilin gajarta bonet shi ne don ya sami damar buɗewa ba tare da ya bugi sabon bamba ba. Daga nan mai karatu zai gane cewa bonet, da bamba, da fenda, wato ƙarfen da ya lulluɓe taya, tafiyarsu ɗaya ce. Wanda ya ɗaura dogon bonet a kan mota mai sabon bamba sai ya yanke wani abu ko ya lanƙwasa, kuma wannan tabo ba ya ɓuya. Ƙaramar Beetle mai araha, wato 1200, ita ce ta ci gaba da tsohon siririn bamba na waɗansu shekaru bayan sauyin, saboda haka ganinsa a jikinta ba aibi ba ne.

Akwai waɗansu alamomin. Tambarin birnin Wolfsburg, mai hoton ganuwa da kyarkeci, yana kan bonet daga 1951 zuwa 1962 kaɗai, wanda ya manna shi a motar 1970 ya yi mata ado ne da kayan kakarta. Cikin Agusta 1970 aka fito da 1302, wadda aka sauya wa ƙafafun gaba, bonet ɗinta ya yi faɗi ya kumbura, tayar safaya ta kwanta maimakon tsayuwa. Cikin Agusta 1972 sai ga 1303 mai lanƙwasasshen gilashin gaba da gajeren bonet. Bonet na waɗannan biyu ba ya shiga Beetle ta gargajiya. Daga Agusta 1974 kuma, a motocin Turai, fitilun sigina suka sauko daga kan fenda suka shiga cikin bamba.

To, duk wannan lissafin Jamus ne. Ma'aikatar Ojo kuwa daga Jamus da Birazil ta riƙa samun kayan harhaɗawa, ita ma motar Igala da aka sani a shekarun 1970 ainihinta Brasília ce ta Birazil. Birazil tana da nata lissafin. Ba ta ɗauki manyan tagogin da Jamus ta fara da samfurin 1965 ba, ta zauna da ƙananan tagogi har ƙarshe, fitilun gaba ma sai a 1973 ta miƙar da su. Saboda haka idan aka ga Beetle ta ƙarshen shekarun 1970 da ƙananan tagogi, kada a yi saurin cewa an yi mata haɗe-haɗe. Mai yiwuwa haka ta fito daga ma'aikata, kuma wanda ya tilasta mata kayan Jamus shi ne zai ɓata ta.

Fuskar 504

An san 504 da fitilunta masu kusurwa huɗu, waɗanda gefensu na sama ya karkata, bonet ya bi wannan karkata. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta. Waɗanda aka sayar a Amurka fitilu huɗu zagayayyu gare su, domin dokar ƙasar ta wancan lokaci. Haka kuma daga samfurin 1974 dokar Amurka ta ce dole bamba na gaba da na baya su jure karo a gudun mil 5, wato kimanin kilomita 8 cikin awa, ba tare da fitilu da sauran kayan tsaro sun lalace ba. Wannan ya sa bambobin motocin da aka aika can, Peugeot da Volkswagen duka, suka yi kauri da nauyi suka turo waje. Irin wannan bamba yana da ƙarfi, amma ba na motar Kaduna ba ne. A Ajantina ma an sabunta fuskar 504 a 1993 da bambobin roba. Ita kuwa 504 mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda suka fito a 1969, ƙirar jikinsu dabam ce ɗungum, bonet ɗinsu ba ya shiga mai ƙofa huɗu.

Wani bambanci da ya kamata mai saye ya sani shi ne irin ƙarfen. Peugeot ta yi suna da yin bamban 404 da 504 da farin ƙarfen nan wanda ba ya tsatsa. Idan ya dushe, gogewa kawai yake bukata sai haskensa ya dawo. Bamban Beetle kuwa baƙin ƙarfe ne da aka yi wa wankin kurom, shi ya sa idan ya tsufa yakan yi ƙuraje ya ɓamɓare. Ke nan bamban 504 da ake ganin wankinsa yana ɓarewa, tsatsa na leƙowa daga ƙasa, abin tuhuma ne.

Da yake Kaduna ta ci gaba da harhaɗa 504 shekara 23 bayan Faransa ta tsaya, adonta ya yi ta sauyawa har zuwa na ƙarshe-ƙarshe da aka sani da Bestline. Ga kuma dogayen nan na iyali da suka riƙe tashoshin mota daga Agege zuwa Kano, da a-kori-kura ta ɗaukar kaya. Kundin Faransa bai ƙunshi duk waɗannan ba. Shaidar da ta fi ƙarfi a nan ita ce hoto: hotunan biki da na Salla da ke cikin akwatunan gidaje, da tallace-tallacen tsofaffin jaridu irin su New Nigerian, da Daily Times, da Gaskiya Ta Fi Kwabo, waɗanda masu bincike kan nema a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Akwai kuma tsofaffin ma'aikatan Kakuri da Ojo da har yanzu suke raye, waɗanda hannunsu ya ɗaura waɗannan ƙarafa. Tambayarsu ta fi zato.

Abin da ido da hannu za su duba

Idan an kai ga kayan, kada a yi cinikin biri a sama ta hoton waya. A ɗaga bonet a dubi cikinsa. Waldar ma'aikata ɗige-ɗige ce a jere, tazararsu kusan ɗaya, waldar gareji kuwa dunƙule take. Sau da yawa launin motar na farko yana nan a ƙarƙashin bonet da cikin but, idan ya saɓa da na sauran jiki to an taɓa sauyawa. A bi saman bonet da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle. Inda ya ƙi kamawa, an cike wurin ne da ƙullun gyaran bodi. A rufe bonet a dubi tazarar da ke tsakaninsa da fenda, ta dama da ta hagu su zo daidai tun daga sama har ƙasa.

A wajen bamba, ƙarafan da suke riƙe da shi su ne masu tona asiri. Na asali da noti ake ɗaure su a ramukan da ma'aikata ta huda. Idan aka ga sababbin ramuka, ko an yi wa mariƙin walda a jikin mota, to an tilasta ne. A ɗaga bamban a ji nauyinsa, domin na kwaikwayo yawanci ƙarfensa siriri ne. A kuma nemi tambari da lambar kaya. Lambobin kayan Beetle da yawa da 111 ko 113 suke farawa.

Wannan bincike ya shafi rai, bai tsaya ga ado ba. Bonet da sakatarsa ba ta zauna daidai ba yana iya ɓallewa ya rufe gilashin gaba ana cikin gudu, kuma a kan babbar hanya irin ta Ikko zuwa Ibadan wannan ya isa ya jawo asarar rayuka.

Yanayin wuri ma abin lura ne. Ikorodu a bakin ruwa take, iskarta da danshi da gishiri, ƙarfe ba ya daɗewa bai yi tsatsa ba. Motar da ta yi rayuwarta a Katsina, ko Sakkwato, ko Maraɗi, rana ta cinye mata fenti da roba, amma ƙarfenta yakan zauna lafiya. A nan Bahaushen Ikko yana da wata dama da waɗansu ba su da ita, domin yana da 'yan'uwa a garuruwan da kyawawan ƙarafan suke, yana kuma zaune kusa da masu nemansu.

Gaskiya a ciniki

Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, tana ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin ta tarihi idan an kiyaye ta a kan kamanninta na asali. Yarjejeniyar Turin da ƙungiyar ta fara aiki da ita a 2013 ta yi kira da a riƙe kayan asali gwargwadon iko, abin da aka sauya kuma a rubuta shi. Bisa wannan ma'auni, duk 504 da ta fito daga Kaduna kafin 1995 ta cika sharaɗin shekaru. Wanda ya je gidan tarihi na Onikan ya ga baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a ciki, da ramukan harsashi a jikinta, zai fahimci cewa akwai tabon da gyara shi ɓarna ne. Ba kowace mota ce ke da irin wannan tarihi ba, amma lotsattsen bamba na asali da gwani zai iya miƙarwa ya fi sabon na kwaikwayo daraja. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ba laifi ba ne a sa na kwaikwayo idan na asali ya gagara, akwai ma kamfanoni a ƙasashen waje da ke ƙera masu kyau. Laifin shi ne a sayar da shi da sunan na asali. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa ɓoye aibin haja bai halatta ba, kuma a kasuwa ƙarama irin ta tsofaffin motoci, inda kowa ya san kowa, ɗan kasuwar da aka kama sau ɗaya ya rasa masu saye. Abin da ya dace shi ne mai gyara ya ajiye littafi, ya rubuta abin da ya cire da abin da ya sa da inda ya samo shi, ya ɗauki hoto kafin aiki da bayan aiki, ya kuma adana tsohon ƙarfen da ya cire ya miƙa wa mai mota.

Su kuma 'yan gwangwan na Ikorodu, da Ogijo, da Agege, zai yi kyau shugabanninsu su koya wa yara su riƙa ware bonet, da bamba, da ragar gaba, da fitilun 404, 504 da Beetle kafin a ɗora kaya a sikeli. Ma'aikatar narka ƙarfe nauyi take biya, mai farfaɗo da mota kuwa ƙarancin abin yake biya, kuma kullum ƙarancin ƙaruwa yake yi. Ɗan wurin ajiya mai rufi da 'yan hotunan da za a riƙa gwadawa sun isa a fara. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kiyaye hanya.